Tumunin da Na Gada a Gwangwani

Mijina ya rasu da damina. Ya bar mini gida mai ɗaki huɗu, da 'ya'ya biyar, da ciwon hawan jini irin nasa, da wani gwangwani da aka hana ni taɓawa har kwana arba'in. Labarin gwangwanin nan nake so a rubuta. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla. Autata ce ke riƙe da biro, mace mai 'ya'ya uku, ta rufe keken ɗinkinta saboda ni. Na ce mata in ta ga ina kuka kada ta tsaya, hawaye ba ya hana baki aiki. Sunansa kuwa ba zai shiga takarda ba. Shekara arba'in da shida ban kira shi ba, ba yanzu da ƙasa ta rufe shi zan fara ba.

Mu mutanen Djougou ne, jikokin fataken goro. Kakannin Maigida da jakuna suka zo, suka sauke kaya don su huta kwana biyu, har yau ba a gama hutawar ba. Shi bai san wata sana'a ba sai goro, kuma duk duniya da idon goro yake kallonta. Mahaifinsa ya koya masa cewa abin da ya hau sau ɗaya zai sake hawa, kuma mai goro ba ya cin jarinsa. Ya koya masa naɗe kaya da ganyen fita, a riƙa buɗewa ana juyawa ana sake ganye kafin ya ruɓe. Da wannan ilimin ya ciyar da mu, ya aurar da 'ya'ya mata uku, ya yi mana rufin kwano. Ba zan raina shi ba.

Rana ɗaya aka gano mana ciwon, a asibiti a Parakou. Shi muka kai, saboda jiri. Likita ya ce tunda na zo, ni ma in miƙo hannu. Da ya gama awo ya ce tansiyo ɗinmu, wato hawan jinin, kamar an auna da mudu ɗaya.

Maigida ya dube ni ya ce, "Ke ko ciwo ma sai kin biyo ni?"

Na ce, "A gidanka na same shi, ban zo da shi daga gidanmu ba."

Aka rubuta mana magani iri ɗaya, 'yar farar ƙwaya ba ta kai ɓarin wake ba, kowa ɗaya kowace safiya. Maigida ya tambayi likita har yaushe za a sha. Likita ya ce muddin rai. Maigida ya ce, "Ashe aure ne."

Abin bai yi mana nauyi ba da farko, domin ƙungiyarsu ta 'yan kasuwa tana da inshorar lafiya, abin da muke ce wa asurans. Duk shekara yana zuba nasa, an ba shi kati da hotonsa, ni ina ƙarƙashinsa. In mun je farmasi, wato kantin magani, sai mu cika ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su biya saura. Shekaru muna haka, har na ɗauka haka duniya take.

Sai wata safiya muka je karɓar na wata, yarinyar da ke bayan taga ta ce, "Baba, an ƙara kason da kuke biya." Ta faɗi kuɗin. Abin da ke kai mu wata uku a da, yanzu da ƙyar ya rufe wata guda.

Maigida ya gyara tsayuwa irin ta kasuwa, ya ce, "Na saya a farashin jiya."

"Baba, ba a tayi a nan."

"Wace irin kasuwa ce ba tayi? To, rage mini kaɗan, ni tsohon mai ciniki ne."

"Ba ni na sa ba, Baba, daga buro, ofishin asurans, aka aiko."

"Shi ke nan, na biya. Ina gyara?"

Yarinya ta sunkuyar da kai tana dariya, mutanen layi na taya ta. Ni na ja mayafi na rufe fuska.

Na yi zaton zai dawo gida da fushi. Ina! Fuskarsa har ƙyalli take yi. Ya zauna a tabarma, ya ɗora kwalin maganin a tafin hannu yana jinjina shi, ya ce, "Uwargida, kaya ya yi daraja."

Na ce, "Tsada dai ya yi."

"Ke mai saye ce, shi ya sa kike ce masa tsada. An ƙara sau ɗaya, za a sake ƙarawa. Akwai ranar da za mu je tagar can mu dawo hannu biyu. Ran nan sai mu buɗe rumbu."

"Wane rumbu?"

"Wanda zan fara yau."

Ya ce ni in ci gaba da shan nawa kullum, kada in kuskura in tsallake. Shi kuwa zai riƙa sha yau, ya ajiye na gobe. Ya ce a kowane gida akwai mai ci da mai ajiya, ni ce mai ci. Bayan wata biyu ya koma Litinin da Alhamis, kamar azumin nafila. Daga baya ya tsaya a Juma'a kaɗai, bayan ya yi wanka ya sa farar riga, sai ya haɗiye ƙwayarsa da bisimilla.

Na ce, "Maigida, shi ciwon ya san Juma'a?"

Ya ce, "Duk halitta ta san Juma'a."

Na yi dariya. Rubuta wannan da kyau, auta, kada ki tausasa shi: na yi dariya. Har ni na ɗauko masa gwangwanin, wani tsohon gwangwanin shayi mai murfi da ke cikin kayana, na wanke shi da toka na shanya na miƙa masa da hannuna. Ga mutum na tafiya da ƙafarsa, yana cin sakwararsa, yana faɗa da masu kawo goro, ta ina zan ga mutuwa a jikinsa? Ya shige da gwangwani ɗakinsa. Nakan gan shi bayan 'yan kwanaki ya shiga da sabon ganye ya fito da tsoho, amma ɗakin da huhun goro ke ciki, wa zai tambayi ganye?

Da shekara ta zagayo aka sake ƙara kason. Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da masifa kamar Maigida a ranar ba. Bai ko shigo gida ba, ƙofar masallaci ya wuce ya ba tsofaffi labari. Ya ce ya faɗa ko bai faɗa ba? Masu ciwon suga da masu ciwon jini suka kewaye shi suna jinjina kai. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya kwana biyar bai ga magani ba, ya taya gwangwanin a gaban jama'a, da kuɗi a hannu. Maigida ya ce masa, "Albarka."

Daga nan ƙarfinmu ya tsaya a kwali ɗaya duk wata. Nawa kaɗai yake saye. Ran Juma'a sai ya miƙo hannu in sa masa ɗaya daga ciki.

Na ce, "Ai ranar da ka faɗa ta zo. Buɗe rumbun mana."

Ya ce, "Ba yanzu ba. Kasuwa ba ta gama hawa ba."

Akwai ranar da ta fi kowace ci mini rai. Mun koma Parakou awo, likita ya ɗaura masa abin nan a dantse, ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Ya ce, "Baba, kana shan magani?"

"Ina da shi."

"Ban ce kana da shi ba. Kana sha?"

"Likita, ƙwarya ɗaya da sittin gare ni." A bakin masu goro ƙwarya ɗari ce, amma likita bai san wannan ba. Ya juyo wajena ya ce, "Mama, yana sha?"

Kalma uku ta isa. In ce, ran Juma'a kaɗai. Sai na dubi Maigida, ya sa babbar rigarsa, ya zauna kamar mai karɓar gaisuwa, na ji ba zan iya tsiraita shi gaban yaron da bai kai ɗanmu na fari ba. Na ce, "Yana ƙoƙari." Kunyar nan da aka yabe ni da ita tun ina amarya, ita na riƙe a hannu na raka mijina kabari.

Wata biyu bayan haka, da hantsi, yana tsugune yana juya goro, sai na ji ƙarar faɗuwa. Na same shi a kife, baki ya karkace. Muka ɗauki mota zuwa Parakou. Kwana uku ya yi bai ce uffan ba. Hannun da ya rage masa mai rai kawai ke motsi a kan zanen gado, yana ɗagawa yana kifewa. Na ɗauka tasbihi yake nema, na sa masa carbi, ya ture. Rana ta uku da la'asar hannun ya tsaya.

Tsaya kaɗan, auta. A'a, ci gaba.

Muka dawo Djougou na shiga takaba. Maigida yana da ƙane, yara na ce masa Baffa, manomin doya ne a wajen Kolokondé, yana taɓa goro shi ma. Tsakanina da shi wasan ƙanin miji ne tun yana saurayi. Mutum ne mai tsoron Allah har abin ya yi masa yawa. Ya taɓa ganin gidan da gado ya raba 'yan'uwa har kotu, tun daga nan ya rantse ba za a yi haka a gidan yayansa ba. Washegarin jana'iza ya shiga ɗakin mamaci ya fito da huhunan goro, ya ce su kaya ne masu rai, zai riƙa sake musu ganye har ranar rabo. Sauran kaya, har da gwangwani, ya bar su, ya danna wa ƙofa kwaɗo, ya rataya makulli a wuya. Ya ce ba mai taɓa ko allura sai bayan sadakar arba'in, kamar yadda ake yi a gidansu.

A lokacin ƙwaya goma sha ɗaya ta rage mini. Auta ta ɗauki kati ta je farmasi, aka ce mata kati ya mutu tare da mai shi. In ina son nawa, sai na je buro a Parakou da ƙafata an ɗauki hotona. Kafin nan, kuɗin magani cif, ba ragi. Ga shi asibiti da jana'iza sun wanke aljihun kowa. Ga ni cikin takaba, tsofaffin gida sun ce ko zaure kada inuwata ta leƙa.

Na aika aka kira Baffa. Ya tsaya daga bakin ƙofa.

Na ce, "Baffan yara, buɗe ɗakin can ka ɗauko mini gwangwanin shayi. Maganinmu iri ɗaya ne."

Ya ce, "Matar yaya, ba ni na hana ba. Da a ce lokacin araha ya rasu, da sai in ce magani ne, ki sha abinki. Amma abin nan ya hau har sau biyu. An taya shi a ƙofar masallaci, gaban shaidu, ya ce albarka. Abin da aka taya dukiya ne, dukiyar mamaci kuwa ta magada ce."

"Magadan ai ni na haife su."

"Kin haife su, ba ki haifi rabonsu ba."

Auta ta ce daga bayansa, "Baffa, mu mun yafe wa Inna."

"Kin yafe me? Ya shigo hannunki? Ba a kyauta da abin da bai shigo hannu ba. Ina kuma yayanku?"

Ɗana na fari direban babbar mota ne, a unguwar Albarika ta Parakou yake zaune da iyalinsa. Bayan sadakar bakwai ya ɗauki kaya ya yi arewa, domin mota ba tasa ba ce. Aka samu da ƙyar aka kira shi, ya yi ta ihu a waya cewa a ba Inna, a ba Inna. Baffa ya ce yafiyar waya iska ce, ba a kafa shaida da ita.

Na ce, "Kai dai tun kana yaro kanka kamar dutsen niƙa. In na mutu ka raba ni ni ma."

Sai ya sauke murya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Matar yaya, ki haɗiye haƙƙin da ba a raba ba, ki ɗora wa yaya nauyi a kabarinsa? Bai isa da abin da ya tarar ba?"

Na riga na cuce shi sau ɗaya da shiru, ba zan sake cutarsa da haɗiya ba. Auta ta ce a tambayi Liman. Baffa ya ce ba a tayar da babban malami a kan abin da yake a fili kamar rana. Ni kuma mai takaba ce, ba na aike wajen maza. Aka bar maganar.

Auta ta ce za ta sayar da keken ɗinki ta sayo mini. Na ce kada ta kuskura. Ki sayar da abincin 'ya'yanki ki sayi abin da ke bayan ƙofar can? Duk wanda ya zo gaisuwa haka yake cewa: a yi haƙuri, ai akwai magani a gida. Da babu gwangwanin nan, da dangi sun haɗa hannu sun saya mini tun makon farko. Amma wa zai biya kuɗi cif a kan abin da taku biyar ya raba ka da shi?

Na zauna da ƙwayoyina goma sha ɗaya da kwana talatin da wani abu a gabana. Na fara tsallake kwana ɗaya. Da na ga ba za su kai ba, na zaɓi ranaku biyu a mako. Sai da na haɗiye ta wata Alhamis na tuna wanda ya fara zaɓar Litinin da Alhamis, na kifa kai a gwiwa na yi kuka har maƙwabta suka shigo.

Kaina ya koma turmi, ana kirɓa sakwara a ciki daga safe har yamma. In na miƙe sai in ga taurari da rana tsaka. Mata suka kawo mini tafarnuwa da zoɓo da wani ganye mai ɗaci da ban san sunansa ba, na sha duka. Ruwa kuwa kullum sai ya sauka, bango har gumi yake yi. Nakan shimfiɗa tabarma in jingina da bangon ɗakinsa, ina jin maganina na can ciki kamar maƙwabcin da ba ma magana. Shi kuwa Baffa duk bayan kwana huɗu yana tsakar gida ya baje huhunan goro, yana juyawa ɗaya bayan ɗaya, yana sake musu ganye da ladabi. Goro bai taɓa samun gata irin na wannan arba'in ɗin ba.

Ranar rabo ta zo. Ɗan fari ya iso, yara duka sun hallara, maza biyu mata uku. Liman ya zauna a tsakar gida kan buzu, ni ina bakin ƙofar ɗakina a bayan labule. Aka yi maganar gida, aka yi ta goro, aka yi ta riguna. Sannan Baffa ya ciro makulli daga wuya, ya fito da gwangwani a hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri.

Liman ya ce, "Wannan fa?"

"Magani ne, Allah gafarta Malam. Ƙwarya ɗaya da sittin, da bakinsa ya faɗa."

"Maganin me?"

"Na hawan jini. Irin wanda matarsa ke sha."

"To, me ya sa ba a ba ta ba?"

Baffa ya yi bayaninsa tiryan-tiryan, har da tayin ƙofar masallaci. Liman ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya ce, "Kwana arba'in mace na fama da jini, magani na kulle, gidana kuma ga shi can ana hango rufinsa? Wane littafi ka karanta wannan a ciki?"

"Tsoron haƙƙi ne, Malam."

"Ran mutum ba haƙƙi ba ne?"

Liman ya ce tunda an kawo gabansa, bari ya sauke a gaggauce: ni tumuni, ashirin ke nan, maza arba'in-arba'in, mata ashirin-ashirin. Lissafi ya fita ba ko ɓari. Yara suka matso, kowa ya shirya ya karɓi nasa ya juye mini a cinya. Na buɗe labule na shimfiɗa gefen zanena.

Murfi ya ƙi buɗuwa sai da aka sa wuƙa. Wari ne ya fara fitowa, har Liman ya kau da kai. Baffa ya zura yatsu ya jawo baƙin ganye, ya narke yana yauƙi. Ashe Maigida ɓare ƙwayoyin yake yi daga ledarsu, don mai goro ba ya yarda da kayan da bai ƙirga da yatsa ba, sannan ya naɗe su da ɗanyen ganyen fita kamar goron sarki. Yana raye yana sake musu ganye kafin ya yi gumi. Da ya tafi, ganye ya kwana arba'in a rufe cikin damina. A ƙasan gwangwani ba ƙwaya ko ɗaya. Curi guda ne, toka-toka da kore-kore, kamar daddawar da aka manta a bayan tukunya.

A nan na gane hannun nan da ke ɗagawa yana kifewa a gadon asibiti. Juyi yake yi.

Baffa ya riƙe curin a tafin hannu, ya ce da ƙaramar murya, "Ina ƙwayoyin?"

Ɗan fari ya ce, "Ga su nan, Baffa. Sun ƙi a raba su."

Na ce, "Baffan yara, kai ma fa ɗan goro ne. Ka sake wa goro ganye sau goma a gabana."

Ya ce, "Ban san ya naɗe ba, matar yaya. Ban buɗe ba. Tsoro nake ji kada in buɗe a ce na taɓa." Hawaye na bin gemunsa. Sai ya juya ga Liman, ya miƙa curin da hannu biyu ya ce, "Allah gafarta Malam, duk da haka dai a raba. Kada ya zauna a wuyan yaya."

Liman ya daɗe yana kallonsa. Ina jin ya ga in bai raba ba mutumin nan ba zai ƙara barci ba. Ya ciro 'yar wuƙarsa ta fasa goro, ya ɗora curin a kan murfi, ya yanka gida biyu, ya yanka huɗu, ya yanka takwas, yana gyara gefe don kada wani ya fi wani. Maza suka karɓi yanka bibbiyu, mata ɗai-ɗai. Aka ɗora mini tumunina a gefen zanen da na shimfiɗa.

Dariya ta kama ni. Ina yi tana juyewa kuka, ina kukan tana dawowa dariya, har tsakar gida ta fara juyawa, bango ya hau sama. Ban san sauran ba sai da na farka na ji ana shafa mini ruwa, muryar Liman na cewa, "Yau ɗin nan, ba gobe ba. Takaba ba kabari ba ce. Lalura ta buɗe mata ƙofa, wanda ke da magana ya zo ya same ni."

Haka na shiga mota da kayan takaba, ɗan fari a dama, auta a hagu, tumunina a ƙulle a bakin zane. Asibiti aka fara kai ni. Likitan nan dai na tarar. Ya auna, ya dube ni, ya ce Allah ne kaɗai ya riƙe ni. Aka yi mini allura, na kwana biyu a Albarika wajen surukata. Sannan muka je buro. Aka karɓi takardar mutuwar Maigida, aka cire shi daga littafinsu ina kallo. Mai hoto ya ce, "Mama, ɗan saki fuska." Na ce masa ɗauki abin da ka samu. Katin na nan, duk wanda ya duba zai ga tsohuwa tana kuka, haka nake nuna shi duk wata.

A farmasi na kwance bakin zane na nuna wa mai maganin gadona. Na ce, "Ɗana, wannan ƙwaya ashirin ce. In ana lasa kaɗan-kaɗan fa?"

Ya duba, ya sansana, ya ja da baya. Ya ce, "Inna, don girman Allah ko akuya kada ki ba."

Muka biya kason nan mai tsada, aka miƙo mini kwali. A tsaye na haɗiye ta farko, ko ruwa ban jira ba.

Yanzu yara ke haɗawa duk wata, wani watan da sauƙi, wani da ƙyar. Baffa ya ware kunya huɗu a gonar doyarsa ya ce na magani ne. Shi da kansa yake zuwa karɓowa, an ce har yau sai ya nemi gyara a taga. In ya kawo ba ya tafiya sai na haɗiye ɗaya a gabansa, na buɗe baki ya gani. Nakan ce masa da ka yi wannan naci tun farko, da ban ga taurari da rana ba. Ya ce, "Matar yaya, a bar tone-tone."

Yara sun zubar da nasu yankan. Nawa na shanya shi ya bushe, na mayar da shi gwangwani, ba ganye. Wani lokaci nakan buɗe in duba. Safiya ashirin ce ta mijina a ciki, da ya haɗiye su.

Makon jiya auta ta dawo daga kasuwa ta ce ana raɗe-raɗin za a sake ƙara kason. Washegari na ɓare ƙwayata, na riƙe ta tsakanin yatsu, sai na ga idona ya tafi kan gwangwani. Akwai wuri a ciki. Na ji muryarsa sarai, yana tambaya ya faɗa ko bai faɗa ba. Ka faɗa, Maigida. A kan kasuwa ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Na daɗe a haka, hannuna a sama, auta na tsaye da moɗar ruwa.

Na karɓi ruwan na haɗiye. Ni ce mai ci, kai ka ce.

Jibi za mu koma Parakou awo. Likita zai tambaye ni ko ina sha, zan ce masa kullum. Kalma ɗaya ce, ba ta da nauyi. Ukun da ban faɗa ba su ne har yau ke zaune a maƙogwarona, ba ruwan da ke wuce da su. Allah ya jiƙanka, ya sa ka tarar da kasuwar da ba ta hawa. Ajiye biron, auta, miƙo mini gefen mayafin can.